Ranar da Na Ɗora wa Katin Saratu Laifi

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Mutum ya kalli bidiyo biyu a waya, ya sayi sukundireba, shi ke nan ya zama injiniyan kwamfuta. Makon jiya wani ya tsaya a ƙofar shagona a Wunti yana gaya wa abokinsa wai sa katin hoto ba aiki ba ne: "Ka zare tsoho, ka cusa sabo, ka ɗaure noti, an gama." Ni Bala, da furfura ta same ni a kan teburin nan, har yau in zan sa kati sai na yi bisimilla, kuma ba na cika baki sai na ga hoto ya fito.

Ga wanda bai sani ba, katin hoto, wanda kuke ce wa girafik kad, shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta. Bai kai faranti girma ba. Amma in ka ɗaga murfinsa za ka ga wani ɗan gilashi baƙi kamar farcen babban yatsa, a cikinsa ake lissafin haske da inuwa da ƙyallin ruwa kafin ka ƙifta ido. Na buɗe su ba adadi, kuma har gobe in na ga ɗan abin nan sai tsigar jikina ta tashi. Ɗan Adam ne fa ya ƙera shi, da yashi.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. A wurin Oga Sabo mai gyaran rediyo da talabijin na koyi aiki, a wani ɗan lungu a Gwallaga. Shekara guda cur bai bar ni na narka dalma ba, sai shara da goge ƙura da miƙo kaya. In aka kawo rediyo sai ya ce in shinshina kafin in buɗe, in kasa kunne kafin in taɓa. In za mu sayi taransfoma kuwa, sai ya ɗora min biyu a tafin hannu ya ce, "Wanne ya fi nauyi? To shi za ka ɗauka. Mai nauyi shi ne mai tagulla a ciki, mara nauyi kwali ne." Wannan karatu ya zauna min a kai daram. Da talabijin mai ƙeya ta mutu na koma kwamfuta, ban bar komai na Oga Sabo a baya ba. Kayan aikina har yanzu ba su da yawa: mita ta gwada wuta, bulowa ta hure ƙura, ɗan buroshi, man sanyaya, da abin goge fensir na 'yan makaranta da nake goge haƙoran kati da shi. Sauran aikin hanci ne da kunne da hannu.

Katin farko da aka kawo min da ƙorafi na wani mai ɗaukar hoto ne, Malam Hamisu. Ya yi odar kati mai tsada, ya sa da kansa, ya kunna, bai ga wani bambanci ba. Ya ɗauko kwamfutar a keke yana zage-zage, wai an cuce shi. Na juya bayanta na duba. Bawan Allah ya sa sabon kati tsaf, amma wayar monita tana nan a tsohon ramin da ke jikin madabod, wato babban allon da komai ke hawa kansa. Kati yana zaune yana shan iska, ba wanda ya ba shi aiki. Na zare wayar na sauko da ita ƙasa kaɗan na soka. Hoto ya fito tar. Ya dube ni ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya tafi yana ganin ban yi komai ba, kuma yawancin aikinmu haka yake ƙarewa.

Katunan nan gida biyu ne suka fi suna, masu koren tambari da masu ja. Ku kuna musu a kansu kamar 'yan kallon ƙwallo, har da masu gaba. In mutum ya zo saye, tambayoyin da suka kamata ba su da alaƙa da launi: wane aiki za ka yi da shi, manhajarka da wanne ta fi jituwa, akwatin kwamfutarka zai ɗauke shi ko sai an yanke ƙarfe, kuma wace irin wuta kake da ita a gida. Haka nake gaya wa mutane da baki. Amma gaskiyar magana ni ma ɗan kore ne, na ƙin ƙari. Da shi na saba, hannuna ya san shi. In na ga na ja sai in riƙa yatsina fuska ba gaira ba dalili.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda masu haƙar kuɗin intanet suka kwashe katunan duniya, don da su suke haƙar. Ka nema a Kano babu, ka aika Legas babu, in an samu kuma farashi ya fi ƙarfin mai hankali. Wata da watanni ina zaune ina gyaran firinta da caza. Da harkar tasu ta lafa sai ga katunan sun dawo kasuwa buhu-buhu, an wanke su fes, an sa musu sabuwar leda. A ido sababbi ne, amma sun yi shekara suna aiki ba hutu. Na sa wa mutane guda biyar, uku suka dawo min cikin wata, fanka tana gurnani, hoto yana tsaga-tsaga. Biyu daga cikin ukun na ja ne. Ban tsaya na ce wahala ce ta kashe su ba, sai na ce ai dama na faɗa. Da wannan zuciyar Saratu ta same ni.

Saratu ɗaliba ce a jami'a a Yelwa, tana shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine. Iyayenta 'yan wajen Bogoro ne, babanta Baba Iliya tsohon direba ne da ya yi ritaya a nan cikin gari. Ni na haɗa mata kwamfutarta tun tana aji biyu, kowane ƙarfe a ciki ni na zaɓa. Aikinta na kammala karatu shi ne ta sake gina gidan kakanta a cikin kwamfuta. Gidan ya daɗe da rushewa a ƙauye, sai tushen duwatsu. Ta je ta auna su ɗaya bayan ɗaya, ta zauna da tsofaffi ta yi ta tambaya, ta zana ɗakuna da rumbuna da shingen dutse. Abin da ya rage shi ne kwamfuta ta ɗora wa zanen haske da inuwa, ta fitar da bidiyo kamar mutum na tafiya a cikin gidan. Wannan shi suke ce wa renda. Tsohon katinta ya nuna sai ya yi kwana biyar yana yi, in bai tsaya a hanya ba. Ita kuma ranar Laraba kafin ƙarfe biyar za ta miƙa aikin, ranar Alhamis malamin da aka gayyato daga wata jami'a zai zauna ya duba. In ta rasa wannan zaman, sai baɗi.

Ranar Asabar ta shigo da kwali a hannu, na hango jan tambari tun daga ƙofa.

Na ce, "Haba 'yata! Ba kore na ce miki ba?"

Ta ce, "Baba Bala, na duba fa. Manhajata tana aiki da dukansu. Wannan ya fi wancan wurin ajiya, kuma gidan kakana yana da kaya da yawa. Kowane dutse na katanga sai da na zana shi."

Na ce, "To, ke kika sani. In ya ba ki kunya kar ki ce ban faɗa ba."

Na sa mata shi yadda ya kamata. Na goge tsohuwar direba, wato manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da kati, na ɗora sabuwa. Hoto ya fito, muka kalli bidiyo, komai lafiya lau. Ta ɗora kwamfutarta a keke ta tafi Yelwa.

Ranar Litinin da sassafe na tarar da ita zaune a bakin shago, kwamfuta a gefenta, idanu sun yi ja. Ta ce komai yana aiki, amma da ta danna renda, bayan minti uku ko huɗu sai kwamfutar ta mutu ɗif, kamar an zare waya. Ta gwada ya fi sau goma. Allah ya yafe min, abin da na fara ji a raina daɗi ne, don maganata ta fito. Na ce mata, "Kin gani ko?"

Ranar nan duka a kan katin na ƙare ta. Na sake goge direba na ɗora wata. Na zare katin na goge haƙoransa na mayar. Na canza waya. Na cire murfin akwati na kunna masa fanka ta tsaye ko zafi ne ya yi masa yawa. Na zare ƙwaƙwalwar kwamfutar na gwada ɗaya-ɗaya. Kowane karo sai mu danna, fankokin katin su tashi da ƙarfi, hoto ya fara fitowa, sai ɗif. Duk abin da na gwada, ina gwadawa ne don in kama katin da laifi, ban kalli ko'ina ba sai shi. Da la'asar na ce mata ta shirya mayar da shi.

Ta ce, "Baba, daga Legas aka aiko shi. Kafin ya je ya dawo an gama komai."

Na ce, "Ki zo gobe. Zan aro na kore in nuna miki bambanci."

Ranar Talata na tsallaka wurin maƙwabcina na aro na kore mai ƙarfi daidai da nata. Na sa shi ina ta surutu, ina ba ta tarihin yadda ban taɓa jin kunya da shi ba. Na ce ta danna. Ta danna. Fanka ta tashi, hoto ya fara fitowa, na harɗe hannu ina murmushi. Minti huɗu bai cika ba, ɗif.

Saratu yarinya ce mai tarbiyya, sai kawai ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Da ta yi min dariya ma da ya fi min sauƙi. Kwana ɗaya da rabi na ƙona mata a banza, saura kwana ɗaya da 'yan awoyi.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara yi tun ranar Litinin. Na kai hancina bayan kwamfutar na shinshina. Wani ɗan ƙauri ne siriri yake fitowa, ba daga kati ba, daga fawa-fak, akwatin ƙarfen nan da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa kowane ɓangare. Na sa mita a wayar da ke kai wa katin wuta, na ce ta sake dannawa. Ina kallo, da katin ya fara jan wuta sai lamba ta riƙa zamewa ƙasa har ta faɗi. Tsohon katinta ɗan cin kaɗan ne, shi ya sa shekara biyu ba a ji komai ba. Wannan kuwa mai ci ne, ya nemi abincinsa aka rasa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ni na zaɓi fawa-fak ɗin nan da hannuna. Na tuna ranar sarai. An jera min uku, na ɗaga kowanne, na ɗauki wanda ya fi nauyi, takardar jikinsa kuma ta rubuta ƙarfin da zai ɗauki kati biyu ma. Na kwance shi na ajiye ya huce. Ku ji ni da kyau, kar wanda ya buɗe wannan akwati don ya ji na buɗe, yana riƙe wuta a cikinsa ko an zare shi daga bango, kuma tana kisa. Da na ɗaga murfin sai na ga ciki fayau, 'yan kaya ƙanana kamar na cazar waya. A gefe guda ga wani ƙaton abu mai kamar taransfoma, an naɗe shi da rawayan tef, wayoyi biyu sun shiga sun fito. Na bi wayoyin da ido, na ga waya ɗaya ce ta zagaya ta dawo, ba ta taɓa komai ba. Na ɓare tef ɗin na ƙwanƙwasa da bayan sukundireba. Siminti ne. An zuba shi an busar, an yi masa ado.

Na daɗe riƙe da dunƙulen nan. Wani mutum a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba ya san cewa akwai irina, masu auna kaya da tafin hannu, ya zauna ya kwaɓa siminti saboda mu. Oga Sabo bai koya min ƙarya ba, a zamaninsa gaskiya ce. Ni ne na tsaya a inda ya bar ni. Na miƙa wa Saratu dunƙulen na ce, "'Yata, katinki ba shi da laifi. Laifina ne tun daga farko. Ki yafe ni."

Ta juya shi a hannu ta ce, "Ba komai, Baba. Siminti dai ai kayan aikinmu ne." Sai ga ta tana dariya hawaye na zuba.

Ban tsaya neman sabo a kasuwa ba. Na kwance fawa-fak ɗin kwamfutar da nake aiki da ita, wanda na san cikinsa, na ɗaura mata. Na mayar wa maƙwabcina katinsa, na ɗauko nata na ja na zaunar da shi a mazauninsa. Muka jona da batirin solar shago don kar ɗauke wuta ta yi mana shigar sauri. Bayan azahar ta danna. Minti huɗu ya wuce. Goma ta wuce. Mita ta tsaya cak ba ta motsi. Na ja kujera na zauna, abin da ban cika yi ba in aiki na tafiya.

Ban taɓa tsayawa na kalli renda daga farko ba sai ranar. Da fari allon duk tsaki-tsaki ne kamar talabijin ba eriya. Sai tsakin ya riƙa narkewa, duwatsu suna fitowa kowanne da tabonsa, jinkar ɗaki tana fitowa tsinke-tsinke. Sai rana ta faɗo ta gefen rumbu, inuwarsa ta kwanta a tsakar gida, har da ɗan hasken da ya dawo daga ƙasa ya taɓa gindin bango. Ba wanda ya zana wannan hasken. Katin ne ya bi kowane zare nasa, daga inda ya taso zuwa inda ya faɗi. Ina zaune ina ta subhanallahi. Gidan da ruwan sama ya cinye shekara da shekaru, ga shi ana mayar da shi a gabana a cikin wani ɗan gilashi da zan iya rufewa da yatsa. Wallahi tsoro da mamaki suka haɗu suka cika ni. Muka bar ta tana aiki muka rufe shago.

Ranar Laraba da na buɗe, ta gama. Wajen ƙarfe tara Saratu ta zo tare da Baba Iliya, ya rako ta don su ɗauki kwamfutar. Dogon mutum ne, mai 'yar sanda, ba ya son yawan magana. Muka gaisa, na ba shi kujera. Ta ce wa babanta, "Baba, zo ka gani kafin mu kwance ta." Ta kunna masa.

Ya matso da fuskarsa dab da allo. Bidiyon ya bi ta bakin shinge, ya wuce rumbuna, ya nufi babban ɗaki. Yana ta gyaɗa kai yana kiran sunayen wurare da yarensu. Da aka zo ƙofar ɗakin sai ya ɗaga sanda.

Ya ce, "Tsaya. Wannan ba ƙofan babana ba ne. Ya yi tsawo. Ƙofan babana, ko ni ina yaro kaina yana kusa taɓawa. Ba wanda yake shiga wurinsa a tsaye."

Ta ce, "Baba, ba wanda ya faɗa min. A tushe faɗi kawai na gani, ban ga tsawo ba."

Ya ce, "Ba ki tambaye ni ba."

Na ce, "Dattijo, ai malaman ba za su sani ba. Ba su taɓa ganin gidan ba."

Ya dube ni ya ce, "Malam, ni na sani."

Saratu ta kalli agogo. In ta rage ƙofa, hasken da ke shiga ɗakin duk zai canza, dole a sake rabin bidiyon, kusan awa shida ke nan. Ta juyo ta ce, "Baba Bala, zai ɗauka?" Na taɓa bayan kwamfutar na ji iskar da ke fita, na shinshina, na kalli mita. Na ce zai ɗauka. Ta sa baban ya nuna mata tsawon ƙofar a jikin bangon shagona, ta auna da tef, ta gyara, ta danna ana saura kwata goma.

Ranar nan duk wanda ya kawo gyara na ce ya dawo gobe. Baba Iliya ya ƙi tafiya, ya ƙi cin abinci, ruwa kawai ya sha. Na je azahar na dawo, na je la'asar da gudu na dawo, katin yana ta huci bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Huɗu saura 'yan mintuna ya gama. Ta kwafe a filashi, mai keke yana jira a waje. Ta kai aikin a kan lokaci, kuma ranar Alhamis ta haye, amma wannan daga baya na ji. Abin da na gani da idona shi ne kafin ta fita, ta ce bari ta kunna sau ɗaya ta tabbatar.

Muka tsaya mu uku. Bidiyon ya bi ta shinge, ya wuce rumbuna, ya nufi babban ɗakin. Ƙofar ta matso, 'yar gajeriya, cikinta duhu-duhu. Baba Iliya yana tsaye a tsakiyar shagona, ba komai a saman kansa sai fankar silin can nesa. Da hoton ya kai bakin ƙofar sai na ga ya cire hularsa, ya dafa sanda, ya sunkuya. Bai ɗago ba sai da aka shiga ciki.